Kafin Idon Mma Ya Rufe

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu cewa na bar ku tsaye a bakin kasuwar doya tun ranar Talata, ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi halinta. Ke kuma da kika rubuto cewa in Sa'adiyya ta mari yayanta za ki turo min katin waya, riƙe katinki 'yar'uwa, ba haka Mma ta rene ta ba. To mu je.

* * *

Osumanu tela bai raka Sa'adiyya har ciki ba. A bakin kasuwar doya ta Old Fadama ya ja birki, ya nuna mata lungun da leɓe, ya ce ta bi ƙarar guduma, inda ta fi ƙarfi nan ne. Ya ƙara da roƙon don Allah kar ta ce shi ya faɗa. Sa'adiyya ko kallo bai ishe ta ba. Mutumin da ya shafe shekaru yana kawo wa uwarta shayi da man shafawa a leda, yana cewa saƙon ɗanta ne daga Norway, alhali a kasuwar Makola ta nan Accra ake sayo su, ai ba shi da bakin roƙon komai a wurinta.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kutsa ciki.

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo mana a tsakiya yadda zancen ya fashe. Sa'adiyya sana'arta kai mutane yawon buɗe ido ce. Ba ofis gare ta ba, waya ce da baki da sanin direbobi. Lokacin bikin Damba ta cika bas da matan Nima zuwa Tamale kallon rawa, bayan Sallah ta kwashi 'yan Islamiyya zuwa Paga su riƙe wutsiyar kada a ɗauke su hoto. In Disamba ta kama kuwa ko barci ba ta samu, domin lokacin ne 'yan boga, wato 'yan unguwa mazauna Turai, suke guje wa sanyi su dawo gida hutu da yaransu masu jin Hausa da ƙyar.

Cikin irin waɗannan baƙin ne Allah ya haɗa ta da Anti Abiba, a motar zuwa Wli inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. Hira ta yi hira, Sa'adiyya ta shiga abin da ta fi iyawa, wato yabon yayanta Izzuddeen da ke can wani gari Tromso a ƙarshen Norway. Ashe garin Anti Abiba ke nan. Matar ta ce ba ta san shi ba, amma dai ba kowa ake sani ba. Sai Sa'adiyya ta ƙara da labarin da ta fi so: duk Litinin da Alhamis shi da Mma suna azumi tare, ladanin Maamobi, unguwarsu da ke manne da Nima, na kiran Magariba zai kira waya, ya ce ga rana nan tana faɗuwa jawur a bayan duwatsun ƙanƙara, su sha ruwa lokaci ɗaya, uwa a nan ɗa a can.

Anti Abiba ta yi dariya har da dafa cinya.

"Wane rana, 'yata? Wannan wata rana ba ya fita kraa, ko sau ɗaya, a garinmu. Duhu ne safe da yamma. Sallah ma lokacin Makka muke bi."

Kowa a motar ya yi dariya, Sa'adiyya ma ta taya su. Amma har aka je aka dawo ba ta san ko ruwan Wli sama yake yi ko ƙasa ba. Tana sauka ta wuce shagon Osumanu ta tsare shi a bayan keken ɗinki, kuma kun dai ga yadda aka yi bai kai ko'ina ba ya amayar da komai.

Da a ce ƙarya ce kawai, da ta bari sai bayan sabuwar shekara, ta sallami baƙinta tukuna. Amma akwai idon Mma.

Hajiya Indo, wadda duk gidan ke kira Mma, hawan jinin ido ya kama ta. Likita ya ce ciwon ya riga ya cinye gefe da gefe, ɗan tsakiya ne ya rage mata, kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Ya ce maganin ɗigawa gudu kawai yake rage masa, don haka duk abin da Hajiya ke son gani a duniya ta gan shi yanzu. Mma ko a jikinta. Ta ce abu biyu ne ma: fuskar Izzuddeen, da koren hasken nan da yake ba ta labari, mai rawa a sama cikin dare a garinsu. Ta sa aka yi mata fasfo. Ta je kasuwar gwanjo ta Kantamanto da kanta ta zaɓo wata ƙatuwar rigar sanyi, tana sakawa a zafin Accra wai tana sabawa. Ta kuma kafa wa Sa'adiyya doka, ko da wasa kar a gaya wa yaron zancen ido, mutum yana ƙasar wasu ba a ɗora masa damuwa.

Shi kuma duk shekara in aka yi zancen haɗuwa amsarsa ɗaya. Bana sanyi ya yi yawa Mma, sai baɗi.

* * *

A tsugune ta same shi, ya ba ta baya, yana fasa injin tsohon firij don cire jan ƙarfen ciki. Ƙeyar ta fara ganewa. Ƙeyar babansu ce sak, ko cikin dubu za ta fitar da ita. Sauran jikin kuwa ba na Bra Izzu ba ne. Yayanta da ya bar Maamobi da ƙirji kamar ƙofar shago, ga shi nan duk ya zuge, singiletin jikinsa ta rine da baƙin mai.

Tausayi ya taso mata. Ta danne shi, domin ba shi ya kawo ta ba.

"Salamu alaikum. Ina neman hanyar Norway, an ce min ta nan ake bi."

Gudumar ta tsaya a sama.

Bai juyo ba. Ta ga kafaɗunsa sun sauka a hankali, ya ajiye gudumar a ƙasa kamar mai gudun ta fashe. Abokan aikinsa suka ɗago suna kallonta, wani ya yi masa magana da Dagbanci, ya amsa a gajarce.

"Sa'a," ya ce, har yanzu bai juyo ba.

"Na'am, Bra Izzu. Ya sanyi?"

Sai a lokacin ya miƙe. Ya dube ta sau ɗaya ya sauke ido. Ya ce ta biyo shi, ba a nan ba.

Ɗakin katako ne a bayan wani kiyos, in mutum ya miƙe hannu biyu zai taɓa bango da bango. Katifa, buta, darduma. Amma kusurwa ɗaya daban take. An kafa farin allo an shafe shi da fenti tas, an rataye jar rigar sanyi da hular ulu a jikin ƙusa, ga ƙaramar fanka a ƙasa tana fuskantar wurin. Sa'adiyya ta san rigar nan. Ta san hular nan. Duk kiran bidiyo a cikinsu yake, Mma na kanga wayar a hancinta tana cewa ka rufe wuyanka da kyau.

"To nan ne Tromso," ta ce.

"Wa ya gaya maki? Osumanu?"

"Rana ce ta gaya min."

Ta ba shi labarin Anti Abiba a taƙaice. Yana ji yana kallon ƙasa, har ta zo wurin duhun safe da yamma. Sai ya ɗago da mamaki na gaske a fuskarsa.

"Rana ba ya fita? Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya zauna a bakin katifa. Shi fa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya haddace sunayen titunan garin, ya san kalar motocin hayarsu, ya san irin kifin da suke ci. Amma ɗan Nima ne, tun da aka haife shi Magariba a wuri ɗaya take zaune, rani da damina. Ko a mafarki bai taɓa kawo wa ransa akwai inda rana ke tafiya hutu ba, shi ya sa bai ma bincika ba.

"Ka taɓa zuwa ma kuwa?" ta tambaya.

Ya girgiza kai.

Labarin ya fito a gutsure, yana yi yana tsayawa. Mutumin da ya yi masa hanya ya ce akwai aiki a kamfanin kifi a Tromso, takardu kuma garau suke. A filin jirgin farko da suka sauka a Turai aka fitar da shi daga layi. Aka ajiye shi a wani ɗaki mai gilashi, aka yi ta tambaya, daga nan aka sako shi a jirgin dawowa. Ƙanƙarar da ya gani a rayuwarsa ita ce wadda ta zuba a bayan gilashin nan, ko taɓa ta bai yi ba.

"Koren hasken fa?"

"A waya na gan shi. Yadda kowa ke gani."

"Amma ka ce wa Mma har ƙara yake yi. Ka ce in ya sauko kamar ka miƙa hannu."

"Tana jin daɗi, Sa'a. In ina faɗa tana dariya."

Wannan kam gaskiya ne, ta sani.

Ya ce da jirgin ya sauke shi a Accra, daga bakin filin jirgi zuwa ƙofar gidansu tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ce. Ya shiga tasi, direba ya ce ina, ya buɗe baki zai ce Maamobi sai ya tuna ranar tafiyarsa. Ragon da Mma ta yanka. Malaman da suka yi sauka. 'Yan bes ɗinsu, wato majalisar samarin lungu, da suka raka shi da babura suna hon, tsofaffin lungu suna kiran sa boga tun bai taka jirgi ba. Ko wata bai cika ba. Sai ya ce wa direban ya yi gaba kawai. Niyyarsa ya ɓuya kaɗan, ya tara abin da zai sake gwadawa, in ya isa can sai ƙaryar ta zama gaskiya ba wanda ya sani. Kaɗan ɗin ce ta zama shekaru.

"Kin san Nima," ya ce. "Gara a ce ka mutu a teku da a ce an dawo da kai. Wanda ya mutu ana masa addu'a. Wanda aka dawo da shi, har yara suna masa waƙa."

"Na san Nima. A cikinta nake kwana nake tashi, ina amsa gaisuwar ƙanwar boga."

"Abeg, ki rufa min asiri. Ki ba ni zuwa bayan azumi. In samu kaya masu kyau, in samu akwati, in zo a tasi daga filin jirgi yadda ake zuwa. In ce hutu na zo. Ba wanda zai ji kunya, har ke."

"Dabi."

"Sa'a."

"Na ce a'a. Yau za ka je."

Ya miƙe, ransa ya fara ɓaci, yayan ya motsa a cikinsa. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san abin da ake nufi da namiji ya shiga lungunsu da wannan kamannin ba. Ya ce Mma tana da lafiyarta, tana da alfaharinta, duk Maamobi ana ce mata uwar boga, don me za a ƙwace mata wannan a rana ɗaya. Wata nawa ne ma ya rage. Me zai faru a wata uku da bai faru a shekaru ba?

Sa'adiyya ta daɗe tana riƙe da dokar Mma. Ta riƙe ta a gaban maƙwabta, ta riƙe ta a waya duk Litinin da Alhamis. Ba ta taɓa saɓa wa uwarta da gangan ba, kuma ta san abin da za ta yi yanzu saɓawa ne. Ta yi shi ido buɗe.

"Mma tana makancewa."

Ya tsaya da baki a buɗe.

"Hawan jinin ido. Gefe ya tafi duka. In tana son ganin kofi sai ta yi ta juya kai har ya faɗo cikin ɗan abin da ya rage. Ka ga yadda take manna waya a fuska in kuna magana, ka ɗauka tsufa ne? Nemanka take a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin Sallar layya."

"Kuma ba wanda ya gaya min?"

"Ita ta hana. Ta ce kana ƙasar mutane, ga sanyi ga kaɗaici, kar a ƙara maka." Ta nuna shi da yatsa. "Kai kana nan kana ɓoye mata Old Fadama, ita tana can tana ɓoye maka idonta. Ni ce a tsakiya kamar jaka, kowa ya ɗora min nasa. To na sauke."

Ya koma ya zauna. Wannan karon ba a katifa ba, a ƙasa.

Ta gaya masa sauran, ba ta rage komai ba. Fasfon da aka yi. Rigar Kantamanto. Yadda Mma ta sa ta nemo mata hotunan duk wuraren da ake zuwa kallo a lokacin sanyi, kasuwannin fitilu, gidajen da aka gina da ƙanƙara, barewar da ke jan keke, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ture, ta ce ita dai na garin Izzuddeen take so. Da yadda likita ya ce ba zai iya yi musu alkawarin ko wata ɗaya ba, abin yana iya kai wa baɗi, yana iya rufewa a wayi gari.

"Hasken nan ba zan iya kai ta ta gani ba," ta ce. "Na kai mutane Paga, na kai su Mole sun ga giwa, na kai su Wli, uwata kuma abu biyu ta roƙa. Ɗaya ya fi ƙarfina. Ɗayan yana zaune a gabana a ƙasa. Wallahi Bra Izzu ba zan bar nan ba sai da kai."

Yana kuka yanzu, irin kukan maza da ba ya fita, sai kafaɗa. Ta bar shi ya yi. Can ya share fuska da gefen singileti, ya ƙara mata baƙi.

"Yau Alhamis," ta ce. "Kana azumin, ko shi ma na hoto ne?"

"Ina yi. Wannan kam ban taɓa yi mata ƙarya a kansa ba."

"To yau ba a waya za ku sha ruwa ba. Tashi."

"Ta ina zan bi? Daga titin Nima zuwa ƙofarmu ba wanda bai san ni ba. Kafin in kai masallaci labari ya riga ni."

Nan ne ya ɗauka ya kama ta. Bai san tun a hanya ta gama wannan lissafin ba. Ta leƙa waje, ta nuna kurar da yake turawa in ya fita sayen tsofaffin ƙarafa, irin ta masu yawo lungu-lungu suna kiran kwandem.

"Ɗauki kurarka. Sa hularka da takunkumi."

"Ki ce in shiga unguwarmu ina tura kura?"

"Ka taɓa kallon fuskar mai kwandem lokacin da kake Nima?"

Ya yi tunani. Ya girgiza kai.

"Ni ma ban taɓa ba," ta ce. "Mu je."

* * *

Ba ta hau motar haya ta trotro ba. Ta san in ta ba shi baya na minti ɗaya zai iya narkewa cikin garin nan, wannan karon kuma ko Osumanu ba zai san inda yake ba. A ƙasa ta bi shi, shi a bakin titi da kura, ita a gefe, suka ratsa unguwar Adabraka rana na dukan su. Wayarta sai ruri take, baƙin da za ta kai dajin Kakum gobe suna son jin ƙarfe nawa mota za ta tashi. Ta kashe ta ta jefa a jaka. Takalminta ya fara cin ta a dunduniya, ba ta ko rage sauri ba.

Sau biyu yana tsayawa. Na farko ya ce ƙafar kurar ce. Na biyu kuwa ya tsaya yana kallon hanyar da suka baro. Ta zo ta dafa kurar da hannu ɗaya, ta tura. Ya karɓa.

Da suka shigo Nima sai tsoro ya kama ta ita ma. In lissafinta ya kuskure, ita ce ta jawo yayanta tsakiyar kasuwa aka yi masa dariya. Ga mai waace, wato shinkafa da wake, da ta san shi tun yana satar ƙosai. Ga bes ɗinsu, samarin da suka raka shi da babura suna zaune a benci ana dafa shayin ataya, wasu har sun yi tumbi. Suna ganin ta suka ɗauka.

"Ƙanwar boga, ya Bra Izzu? Ki ce wa cale, abokin namu, ya tuna da mu, ko jaket ne."

"Zai ji," ta ce.

Ɗayansu ya miƙe zai tsallaka titi, kurar ta tare shi. Ya buga gefenta da tafin hannu.

"Kwandem, matsa mana."

Izzuddeen ya matsa. Wanda ya buga kurar amininsa ne tun na makarantar allo. Ko sakan ɗaya idon mutumin bai sauka a fuskarsa ba. Sa'adiyya ta samu abin da take so, amma ba ta ji daɗinsa ba ko kaɗan har suka shiga lungun gidansu.

La'asar ta yi sanyi. Tsakar gidan hayar ba kowa sai Sanatu maƙwabciyarsu tana wanki a bakin famfo, da Mma a kan kujerarta a ƙofar ɗaki, inda haske ya fi yawa, carbi a hannu. Shirin Sa'adiyya shi ne ya bar kurar a waje, ta shigar da shi ɗaki shiru, ta zaunar da Mma, ta fara gaya mata a hankali. Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne kunnen Mma. Tun da ido ya ja baya, kunnen nan ko faɗuwar allura ba ta wuce shi.

"Wannan ƙarar kurar mai kwandem ce? Sa'adiyya, ke ce? Madalla, kamar kin san ina nemansu. Ce masa ya shigo."

Sa'adiyya ta juya. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa a kan kura, idonsa a kan tsohuwar da ke juya kai hagu da dama tana neman inda ƙofar take. Ta ga lokacin da abin ya shige shi. Jin labari daban, gani daban.

Ta yi masa alama da kai. Ya shigo kamar mai taka ƙaya.

"Sannu yaro," in ji Mma, da cikakkiyar Hausarta ta mutanen Dogondutsi wadda zaman Accra bai taɓa lanƙwasa ta ba. "Ga tsohon firij can bayan ɗaki, da fanka, da wani rediyon marigayi. Duka za ka kwashe. Tafiya zan yi, ba na son in bar wa yarinyar nan tarkace."

Ta ja carbi ta ci gaba.

"Wurin ɗana za ni, can ƙarshen duniya inda ƙanƙara take. Ka taɓa jin inda sama ke yin kore da dare? To can. Shi ya gani da idonsa. Yaron kirki ne, duk nisan nan bai taɓa barin na sha ruwa ni kaɗai ba."

Sa'adiyya ta dubi yayanta. Ya kasa magana, domin ya san kalma ɗaya ta isa Mma ta gane muryarsa. Ita ma ta kasa. Duk jawabin da ta tsara tun daga Adabraka ya gudu ya bar ta.

"Ba ya jin Hausa ne?" Mma ta tambaya. "Ko kurma ne, Allah sarki. Matso nan yaro, cikin haske. Ni ba na ciniki da mutum ban ga fuskarsa ba, idona kuma ba ya kai nesa."

Ya dubi Sa'adiyya. Ya dubi ƙofa. Ita kuwa ta riga ta je ta tsaya a bakin ƙofar, ta riƙe ginshiƙi da hannu biyu. Ya gane in zai fita sai dai ya bi ta kanta.

Ya taka. Ya ƙara takawa. Ya durƙusa a gaban kujerar, ya cire hular, ya sa yatsa ya janye takunkumin.

Mma ta karkata kai tana nema. Ta fara samun singiletin, ta yi sama a hankali, wuya, haɓa. Carbin ya daina tafiya.

A daidai nan Sanatu ta ɗago daga bahon wanki, kumfa har gwiwar hannu. Ta ƙura ido. Ta saki rigar da take matsewa, ta buɗe muryar nan tata da ake ji har bakin titi.

"Ei, jama'a. Wannan ba Izzu boga ba ne?"

Aka ji ƙofofin ɗakuna suna buɗewa. Izzuddeen ya zabura zai miƙe.

Hannun Mma ya riga shi. Ta damƙi wuyan singiletin da ƙarfin da ba wanda ya san tana da shi, ta jawo fuskarsa daf da tata.

"Kar ka motsa," ta ce a hankali. "Da ƙyar na samo ka. In ka motsa za ka ɓace min."